Hoton Ƙafata Tsakanin Gwandu da Kalgo

Wawan labarin nan ni ne, kada a ɗora wa kowa. Ƙafata ta hagu ta kumbura bayan dashen shinkafa, ta zama kamar turmi, ni kuwa na rantse asibiti ba zai gan ni ba, don na ji an ce can da wuƙa ake gaisawa. Ɗiyata ma'aikaciyar jinya ce a birni. Ta ce, "Baba, aiko hoton ta imel, in nuna wa likitanmu a babban allo." Na ce madalla, likita ya faɗi magani, ƙafa tana gida abinta.

Na je shagon kwamfuta a Gwandu. Mai shagon ya ɗauki hoton, ya latsa, ya ce ya tafi. Da la'asar ɗiyata ta bugo, wai ba ƙafa ta gani ba, baƙaƙe ne da lambobi a cunkushe, layi bisa layi. Ni dai a aji huɗu na tsaya, amma na san rubutun da ba ya karantuwa ba don alheri ake yin sa ba. Ga shi kawun mai shagon muna rikicin iyakar gona da shi a Ceberu.

Na koma na tsare shi. Ya ce, "Baba, imel rubutu kaɗai ya sani. Kowane hoto sai an mai da shi baƙaƙe, a can a sake haɗa shi. Kwamfutata tsohuwa ce, naɗinta daban, ta ofishin su ɗiyarka ba ta iya warwarewa ba."

Na ce, "To yanzu ƙafar tana ina?"

Ya yi dariya. Wannan dariya ba ta kwanta mini ba.

Washegari na hau mota har Kalgo, inda ba wanda ya san gonata. Mace ce mai shagon. Tata kwamfutar ba ta yanka hoto ta bar shi a yanke, amma ta ce ya yi nauyi, sai an rage.

"A rage mi? Likita ya ga ƙafar yaro ya rubuta mini maganin yaro?"

"To Baba, sai a ajiye shi a intanet, a aika mata hanyar zuwa."

"Wanda ya tsinci hanyar fa?"

"Zai gani."

Na saki wandona ya rufe ƙafar, na fito.

A gida na zaunar da matata, na yi mata bayani a tsanake: kwamfutar Gwandu mai daddatsa mutum ce, ta Kalgo mai tauye shi ce, in ka ƙi ta baje ka a kasuwa. Duk bakinsu ɗaya.

Ba ta ko ɗago daga tsintar wake ba. Ta ce, "Malam, ƙafar da ta kai ka Kalgo ta maido ka, asibitin bayan gidanmu ne ya yi mata nisa?"