Ranar Da Na Kai Baffana Ƙara

A Sudan aka haife ni, a wata unguwar Hausawa da ke gefen gonakin auduga. Mahaifina mutumin Darki ne ta ƙasar Wudil. Ya fita aikin Hajji a ƙafa shi da mahaifiyata suna sabon aure, tafiya ta tsaya musu a hanya, suka zauna suna noma har Allah ya karɓi ransa ina shekara tara. Sai da mahaifiyata ma ta rasu na ɗaure kayana na yo gida. Lokacin kuɗin mai sun shigo, ko'ina ana shimfiɗa kwalta, ana neman direbobi ido rufe, ni kuwa tun ina saurayi nake tuƙa tarakta.

Baffa, ƙanen mahaifina, ya karɓe ni hannu biyu. Amma gari bai yi saurin karɓa ta ba. Hausata ta cakuɗe da Larabci, ina buɗe baki a majalisa sai a kama murmushi. Da na je neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa don a ɗauke ni aiki, malamin ofishin ya ce kowa ma zai iya saukowa daga mota ya ce shi ɗan wane ne. A dangi ma akwai masu faɗin haka a bayan idona.

Na kai wa Baffa kukana bayan la'asar, yana tufkar igiya a ƙofar gida. Bai ɗago ba ya ce, "Ka je Wudil ka kai ni ƙara."

Na ce, "Ni, Baffa? Me ka yi mini?"

"Ban yi maka komai ba. Amma bakina ɗaya ne, kuma ba dawwama zan yi ba. Ka nemi in amsa a gaban alƙali ko kai ɗan wana ne. Ni kuma zan ce a kawo shaidu."

Kwana uku ina jan ƙafa kafin na je. Magatakardan kotu ya tambaye ni abin da nake nema, gona ko gida. Na ce ko taki ɗaya ba na nema, so nake a tabbatar ni ɗan ubana ne. Ya ajiye alƙalami ya dube ni sosai, sannan ya rubuta.

Da sammaci ya iso Darki, magana ta cika gari, wai baƙo ya kai mai ciyar da shi ƙara. Baffa bai yi wa kowa bayani ba. Kullum kwano ɗaya muke cin tuwo.

Cikin ayarin da mahaifina ya bi, dattawa biyu ne suka dawo kuma suke raye, ɗaya a Kausani, idanunsa sun tafi, ɗaya a Ɗankaza. Ni na je na ɗauko su a a-kori-kura ranar zama.

Alƙali ya tambayi Baffa abin da zai ce. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, ban halarci haihuwarsa ba. A tambayi waɗanda suka halarta."

Dattijon Kausani ya faɗi garin da aka haife ni, da watan. Ya ce a wannan ranar zazzaɓi ya kwantar da mahaifina, don haka shi da bakinsa ya yi mini huɗuba a kunne. Ban taɓa jin wannan ba sai a wurin. Na Ɗankaza ya ce shi ya riƙe ƙafar ragon suna. Alƙali ya juya ga Baffa, ya ce ko yana da suka a kan shaidun.

Baffa ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya ɗaga murya yadda na bakin taga ma za su ji. "Ba ni da suka. Ɗana ne."

Alƙali ya yanke hukunci, ya kira sunana haɗe da na mahaifina da na kakana, ya sa aka rubuta.

Ranar Juma'a Baffa ya ja ni kasuwar Wudil. Ba abin da ya saya. Tun daga kara, inda ake sayar da shanu, har layin masu tukwane, duk wanda ya sani sai ya tsayar da shi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gaisa da ɗan wana." Ba mu fito ba sai da aka kira salla. Wata bai ƙare ba na kama aikin hanya.