Buta Huɗu Ranar Jana'izar Baba

Ban sallaci gawar mahaifina ba. Ina cikin gidan, lafiyata ƙalau, tsakanina da sahu bai fi taku arba'in ba. Ina bayan rumbu a tsugune, ina wanke ƙafa.

Mu manoma ne a wani ƙauye kusa da Gude, kuma duk wanda ya san ƙafar manomi ya san faso. Dunduniyata ta tsattsage kamar fadama da rani. Ina saurayi na ji wani mai wa'azi a kasuwar Kabo yana cewa wanda ya bar wuri ko kamar ƙwayar gero ruwa bai taɓa ba, ba shi da alwala, marar alwala kuwa ba shi da salla. Ya faɗi maganarsa, ya naɗe lasifikarsa, ya tafi. Ni ya bar ni da ita. Daga ranar, in na zo wankin ƙafa sai wani abu ya ce mini: anya ruwa ya shiga cikin fason nan? Sai in sake. In na sake ya ce: ai ka daɗe, fuskarka har ta bushe, alwalar ta yanke. Sai in koma tun daga hannu. Buta ɗaya ta daina isata, biyu ma ta daina.

A gida abin dariya aka mai da ni. Yayana ya sa mini suna agwagwa. Da abin ya yi tsanani aka kai ni wajen wani malami a Gwarzo, ya dube ni ya ce aljana ce ta aure ni, ya ba ni rubutu. Na sha har cikina ya gaji. Bai tambaye ni ko me nake ji a raina ba, ko sau ɗaya.

Baba ya rasu da damina, da sassafe. Ina jin Talata ce, amma ba zan rantse ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi an yi masa wanka an suturta shi, ga hadari ya haɗo daga gabas, kowa yana sauri. Gawa ba ta jira, na sani. Na ɗauki buta na zaga bayan rumbu.

Ina buta ta uku yayana ya leƙo.

"Kai, an fito da Baba."

"Ga ni nan, Yaya. Ƙafa ɗaya ta rage."

"Ƙafar nan taka ta raƙumi ce? Tashi, don Allah!"

"Yaya za a yi in tsaya a kan Baba ba alwala?"

Ya yi tsaki ya juya. Na ɗebo ta huɗu. Ina cusa ɗan yatsa cikin faso na ji liman ya yi kabbara ta farko ta bayan katanga. Sallar gawa ba ruku'u, ba sujada. Kabbara huɗu ce a tsaye, sai sallama. Ban gama dunduniyar hagu ba aka gama da mahaifina.

Na fito da gudu, wando a jiƙe, na riƙe hannun liman na ce ya tsaya in yi tawa. Ya ce, "An riga an sallace shi, ba a maimaitawa. Ka yi masa addu'a." Aka ɗaga makara.

A zaman makoki wani ya tambaya ko tafiya na yi, tunda bai gan ni a sahu ba. Yayana ya ce, "Yana can yana iyo." Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. A kan tabarmar gaisuwar ubanmu! Har yau in na tuna, ƙirjina zafi yake yi. Na ji haushinsa, na ji haushin mai lasifikar nan da ya jefa magana cikin taro bai damu da kan wanda za ta faɗa ba, na ji haushin mai rubutu. Wanda na fi jin haushi kuwa shi ne wanda ya tsuguna bayan rumbu.

Ƙanin Inna, wanda muke kira Kawu, bai yi dariya ba. A wajen garin Mainika yake da zama. Kakanninsu makiyaya ne, shi kuwa noma yake yi, da 'yan shanunsa bakwai ko takwas. Bayan kaka ya aiko ya ce in zo in taya shi kiwo, gwiwarsa ta matsa masa.

Ranar farko azahar ta same mu a gona. Na nufi jarkar ruwa. Kawu ya riga ni, ya tsiyaya a wani ɗan ƙoƙo, ya miƙo mini, ya kwantar da jarkar ya zauna a kanta.

"Wannan ne rabonka."

"Kawu, wannan ko fuska ba zai wanke mini ba."

"Da shi nake yi tun ba a haifi uwarka... a'a, ita ce babba. Tun ba a haife ka ba."

Na yi alwalar ina huci. Da na kai ƙafa ruwan ya ƙare daidai. Nan take maganar ta zo. Na ce ya ƙara mini ko cikin tafin hannu. Ya ce a'a. Na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce zai ɗauki alhakin sallata. Ya ce ya ɗauka, in ta da iƙama.

Bayan sallama ina zufa kamar wanda ya yi huɗa. Kawu ya ce, "Me ya ce maka?"

"Wa?"

"Mai maganar."

"Cewa ya yi ruwa bai shiga faso ba."

"To, shi ya faɗa, kai ka ji. Ashe ku biyu ne. Ni da na zaci kai kaɗai na gayyato."

Ya nuna mini wani maraƙi da ya ɗaure nesa da uwarsa don ya yaye shi. Tun safe yake kuka. Ya ce, "In duk kukan da ya yi na kwance shi, har ya yi ƙaho yana tsotso. Ba na dukansa, ba na toshe kunne. Ina jin sa sarai. Zauna ka saurari naka, ka ga iya inda zai kai. Kada ka ba shi amsa."

Na zauna don dole, ba don na yarda ba. Mai maganar ya taso. Ya ce sallata ta ɓaci. Ya ce ta jiya ma. Ya kawo mini Baba. Ina kallonsa yana sauya baki kamar dillali. Can wata saniya ta nufi tarin dawar maƙwabci, na tashi na koro ta. Da na dawo na neme shi, babu. Ba ruwan da na ƙara, ba abin da na sake. Ya gaji ne ya tafi. Da la'asar ya dawo, tabbas, har da ƙarfinsa. Amma na riga na ga bayansa sau ɗaya.

Wata guda na yi a kan ƙoƙon nan. Kafin in tafi Kawu ya kai ni gaban limamin ƙauyensu. Limamin ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ai wanda kokwanto ke zo masa kullum hukuncinsa daban ne: ya watsar da shi, kada ya sake komai. Ya ce a ƙananan littattafai ma akwai. A ƙananan littattafai! Shekara goma sha ina kwarar da ruwa, ana kirana agwagwa, ana ɗura mini tawada, ashe maganar layi biyu ce. Kawu ya zaci zan yi murna. Ni kuwa ko godiya da kyar na yi, don baƙin ciki.

Damina biyu bayan nan Kawu ya rasu. Muka hau babur ni da yayana, hanya duk caɓi. Muna isa ana shirin fitowa da shi. Na karɓi ruwa a ƙoƙo, na yi alwala sau ɗaya, na shiga sahu. Yayana ya matso kusa da kunnena.

"Har ka gama da ƙafar?"

Liman ya yi kabbara. A kabbara ta biyu mai maganar ya iso. Ya ce akwai laka a fason dama, ka fita ka sake, da sauran lokaci. Ƙafata har ta motsa. Na danne ta a ƙasa. Na ce a raina: na ji ka. Ya yi ta kuka har kabbara ta huɗu, ni kuma ina tsaye ina roƙa wa Kawu gafara. Aka yi sallama da ni a cikin sahu, kuma kafaɗata tana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Ta Kawu na samu. Ta Baba ba wanda zai dawo mini da ita. Rumbun yana nan inda yake, kuma har yau ta gabansa nake zagayawa.