Soja Biyu a Bakin Rafi

Wannan yammaci ba zai taɓa fita daga raina ba, amma wajibi ne in fara bayyana madogarata. Akwai abin da na gani da idona, akwai shaidar mahaifiyata da ta kawuna, sai takardar sallamar kakana daga soja, wadda ta tabbatar ya yi yaƙi a ƙasar Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Shekarar da abin ya faru ban riƙe ta ba. Na dai san daminar da ruwa ya cinye shinkafarmu a Kirikasamma ce, muka koma gidan Kawu a Haɗeja.

Bayan la'asar muka sa faifan wani tsohon fim ɗin Chanis, na zamanin da sojojin Japan suka mamaye ƙasarsu. Kaka, wanda bai taɓa yi mana zancen yaƙi ba, yana kan tabarma yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Jarumin yana ta zubar da sojoji hannu ba makami, mu kuwa sai ihu muke.

"Amarya, tsayar da shi," in ji Kaka. Haka yake kirana.

"Ango, tsoro ne ya kama ka?"

"Tsoron waɗannan ƙosassun? Wanda na gani, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa."

Na tsayar. Ya ce wata safiya ya gangara rafi ɗiban ruwa, sai ga sojan Japan a ɗaya gaɓar, matashi kamarsa, shi ma da gora a hannu. Kowa ya ɗaga bindiga. "Sai ɗayanmu ya sauke tasa."

Ya yi shiru. Ni kuwa hankalina yana kan faɗan ƙarshe da bos, na ɗauka ya gama, na danna rimot. Kaka ya yi dariya ya ce, "To amarya, ga naki yaƙin nan, ki ga ƙarshensa." Daga baya na sha roƙonsa, sai ya mayar da maganar wasa, har Allah ya yi masa rasuwa.

Tun daga nan na koyi cewa idan tsoho ya buɗe baki, komai zai iya jira, ko da ya tsaya ya yi shiru.

Umma ta ce halin Kaka ne ya fara saukewa. Kawu ya ce na Japan ɗin ne, shi ya sa Kaka ya kasa jure ihunmu. Babu wanda ya ji daga bakinsa, takardar ma ba ta faɗa ba. Cikin su biyun, wa ya fara sauke bindiga?