Randar Tsakar Gida a Cikin Ordinatar

Mun tashi daga Maradi da asuba, ni da mai gyaran na'urorin gidan rediyonmu, wani Bagobiri mai baki. Abin da ya tashe mu ba ƙarami ba ne. Sanarwar rabon hatsi da ake aiko mana daga Yamai ta sa matan ƙauyuka sun yi tattaki zuwa garin da babu kamiyon hatsi, wato babbar motar kaya, ko ɗaya, kuma da muryata suka ji ta. Ga wata sanarwar na tafe ranar Juma'a.

Hanya ta ba ni tsoro. Daga Konni zuwa Dogon Dutsi, mushen shanu ne a gefen titi, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. A kowane shinge soja ya leƙo, ya duba katin shaida, ya duba fuska. A Doso muka ci dambu da zogale, abokin tafiyata yana cewa tsadarsa kaɗai ta ƙosar da shi.

Biron masu rabon, wato ofishinsu, yana unguwar Maourey a Yamai, kusa da Petit Marché. Matasa biyu ne suka rubuta shirin ordinatar, wato kwamfutar da ke fitar da sanarwar, da yaren Perl, kowa da ɓangarensa mai zaman kansa, abin da suke kira pake: ɗaya na sanarwa, ɗaya na kamiyoyi. Sai dai ma'ajiyar da ke riƙe sunan gari, wadda suka kira $gari, guda ce, sun bar ta a fili kamar randar tsakar gida. Ɓangaren sanarwa zai zuba suna, ya je tambayar ranar zuwan mota. Ɓangaren kamiyoyi zai bi garuruwa duka, ya bar sunan na ƙarshe a ciki. Sai sanarwa ta fito da rana daidai, gari na wasu.

Na ɗauka mantuwa ce. Ashe da gangan suka yi.

"Malam, kwano ɗaya muke ci," in ji babbansu, Bazabarme. "In kulle wa abokin aikina abu kamar ban yarda da shi ba?"

"Bawana," in ji Bagobiri da wasan taubasai, "kunyarka ta sa tsofaffi tafiyar yini da buhu wayam."

Ba wanda ya yi dariya. Bazabarmen ya jawo kujera, ya rubuta kalmar my gaban $gari a kowane ɓangare. Haruffa biyu ke nan, masu tsare suna a cikin ɗakin da aka ajiye shi. Mai buƙata sai ya nema a miƙa masa. Aka gwada, kowane gari ya fito da ranarsa. Na daɗe ina kallon haruffan nan.

Da yamma muka leƙa unguwar Gamkalley, a bakin kogi. Kogi ya janye, masu lambu na bin sa da bokiti.

Mun dawo Maradi ranar Alhamis. Tafiyar ta koya mini cewa abin da kowa zai iya taɓawa, ba wanda zai iya rantsuwa a kansa. Ranar Juma'a na karanta sanarwar. Da la'asar wani mai gari ya bugo waya. Bai tsaya gaisuwa ba, ya ce, "Motar ta zo."