Tafiyata Panshekara Wurin Ɗan Farina

Litinin: daga gida zuwa Yankaba

Ina sallame sallar asuba na fito, gari bai gama wayewa ba. Ɗan acaɓan da na yi wa magana tun jiya yana jira a ƙofar gida. Na ɗora ƙullin kayana, kuka da daddawa da gero mudu biyu da wani ƙunshin sassaƙen maganin ciwon shawara, muka kama hanyar Ringim. Malamar Islamiyyarmu ce take rubuta mini wannan labari, don ni ban iya rubutu ba, kuma duk wadda ta shigo yi mini barka da dawowa na fara ba ta labari, sai kuka ya ci ƙarfina. Gara a karanta muku.

Abin da ya tashe ni, jikata Nafisa ce ta kira wayar maƙwabta ranar Asabar. Ta ce, "Kaka, ki zo. Baba ba shi da lafiya, kuma ya ƙi komawa asibiti." Daga nan ta kashe.

Ubanta ɗan farina ne. Kun san yadda muka taso. Shekararsa arba'in da shida, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. In ya gaishe ni nakan amsa ina kallon gefe. Magana mai nauyi kuwa sai ta bakin wani, kuma mijina Malam ne bakina. Yau shekara huɗu da rasuwar Malam. A kan babur ɗin nan na yi ta kukansa kamar jiya aka binne shi, ina cewa da yana nan da shi zai je ya yi magana.

Mota ta cika a tashar Ringim ƙarfe bakwai saura kwata, naira dubu uku kowane mutum, mu huɗu a baya. Direba ya ɗaga ƙullina ya ce, "Iya, wannan ai kuɗin mutum guda ne."

Na ce, "Ɗan nan, kuka ce. Hularka ta fi ta nauyi."

Ya yi dariya ya tura shi ƙarƙashin kujera. Ya ce tafiyar kilomita saba'in ce da wani abu. Shinge biyu muka wuce. A na bayan Gezawa ɗan sanda ya leƙo ya tambayi abin da na rungume, na ce maganin mara lafiya ne. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ɗaga mana hannu. Ƙarfe tara da 'yan mintuna muka sauka a Yankaba.

Bompai

Nafisa tana jirana a bakin tasha. Shekararta sha bakwai, ta yi tsawo ta wuce ni. Ta saya mini ƙosai na ɗari biyu, na kasa ci. Muka shiga adaidaita sahu zuwa Bata, ɗari huɗu-huɗu.

A wajen Bompai wata tirela tana ƙoƙarin juyawa ta shiga sito, ta tare hanya gaba ɗaya. Mun fi rabin awa a tsaye, hayaƙi yana shigar mana hanci. A nan Nafisa ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Kaka, ba shawara ba ce."

Ta ce wanki take yi ta tsinci takardar asibiti a aljihun rigarsa. Ta duba kalmomin a waya ɗaya bayan ɗaya. Ciwon daji ne a hanta. Ta mayar da takardar inda ta gan ta, yau sati uku, ba ta faɗa wa kowa ba. Iyayenta suna ce musu shawara ce, ita kuma tana cewa Allah ya sawwaƙe.

Na yi salati na rufe fuskata da mayafi. Mai adaidaita ya waiwayo ya ce, "Hajiya, haƙuri, yanzu za a buɗe." Ya zaci hanyar ce ta dame ni.

Sharada

Daga Bata muka sake hawa wani mai zuwa Panshekara, ɗari bakwai-bakwai. Ƙarfe sha ɗaya da rabi muka shiga Sharada. Katangu dogaye, ƙofofin ƙarfe, masu abinci a jere a bakin kwata. A ƙofar wani kamfanin roba na hango samari suna sauke buhuna daga mota. Ɗaya a cikinsu yana tafiya yana karkata kafaɗar hagu. Tafiyar Malam ce sak. Na bugi bayan direba na ce ya tsaya.

Sadiku ne, ƙanen Nafisa, ɗan shekara sha biyar. Wandon makaranta ne a jikinsa, rigar kuma ya cusa a leda ya rataye a jikin katanga. Da ya gan mu sai buhun ya sulluɓe masa.

Na ce, "Maigida, ashe nan kake nemo mini kuɗin cefane? Shi ya sa ba ka zo tarbar amarya ba?"

Ya ce, "Wace amarya, ba haƙori ko ɗaya?" Ya so ya yi dariya, bakinsa ya ƙi.

Nafisa ta ce, "Kai, ba makaranta ka ce ka tafi ba?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce kwana goma sha biyu ke nan bai je ba. Ya ji Mamansu tana waya da ƙanwarta a bayan ɗaki, ta ambaci sunan ciwon. Ya ga in Baba ya kwanta dole wani ya tashi. Bai faɗa wa Nafisa ba don tana da jarrabawa.

Ta ce, "Ni ma don kai na yi shiru, sakarai." Ta kai masa duka a kafaɗa, sannan ta riƙe rigarsa ta ciki ta ƙi saki. Na ce ya ɗauko ledarsa. Muka matsa masa wuri, mu uku a kujera ɗaya.

Panshekara

Gidan haya ne, ɗaki biyu da tsakar gida. Rabi, matarsa, ta karɓi kayana ta kawo ruwa. Shi yana kwance a ɗaki. Ya fito yana dafa bango, ya durƙusa nesa da ni ya ce, "Inna, kun sha hanya." Na amsa ina kallon randa. Amma na ga hannunsa a kan tabarma. Hannun da ya yi shekara ashirin yana jan fatu a kamfani a Challawa ya koma kamar na yaro.

Bayan azahar na ja Rabi madafa. Ta ce likita ya ba su ranar komawa har sau biyu, ya ƙi zuwa. Ya ce in aka kwantar da shi yara za su gane, gara ya zauna a gida yana shan jiƙo har Nafisa ta gama jarrabawa. Ta ce, "Inna, na yi magana har na gaji. Ku kaɗai ne ba zai musa wa ba."

Ni kuwa ba ni da bakin yi masa magana. A da, in babu Malam, Rabi nake sawa a tsakani. Na zauna ina tunani har aka kira la'asar. Da shi da Sadiku suka dawo daga masallaci na sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ce kowa ya zauna. Na juya masa gefe kamar kullum. Rabi ta matso don ta karɓi magana, na ce ta koma.

Na ce, "Nafisa, tambayi mutumin nan, me likita ya ce yana damunsa."

Ya ce, "Inna, shawara ce. Yara ne, a bar su."

"Sadiku, gaya masa yaran da yake faɗa, ɗaya na tsinto a Sharada da buhu a ka."

Sadiku ya ce, "Baba, ta ce..." Ya kasa ƙarasawa.

Uban ya ɗago. "Wace Sharada? Makarantar fa?"

Na ce, "Nafisa, ke gaya masa sunan abin da kika karanta."

Yarinyar nan ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, ciwon dajin hanta ne. Na ga takardar tun ranar da na wanke farar rigarka. Sadiku ma ya sani. Mun sani duka."

Can na ji wani sauti da rabona da ji tun yana goye a bayan kakarsa. Kuka yake yi. Rabi ta fashe, yaran suka fashe, ni dama tun Bompai ban tsaya ba. Wata maƙwabciya ta leƙo a firgice ta zaci rasuwa aka yi. Rabi ta ce mata lafiya lau, magana muke yi.

Da aka lafa na ce, "Sadiku, gaya masa jibi zai koma asibiti. Ka ce ni na ce."

Wannan karon yaron ya faɗa tiryan-tiryan, har da nuna yatsa. Uban ya share fuska ya ce, "Kai, sauke hannunka. Ka ce mata na ji. Kai kuma gobe da kaina zan tambayi malaminku."

Da magariba muka ci tuwon masara da miyar kukar da na kawo. Shi loma uku ya yi.

Laraba: asibiti

Mun fita ƙarfe shida da rabi, mu biyar, shatar adaidaita naira dubu biyu da ɗari biyar. Layi ya kai mu har sha ɗaya. Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar autata ba. Ta dubi yaran ta ce, "Su ma za su shiga?" Ya ce, "Su shiga. Sun riga sun sani."

Ta yi bayani da Hausa a hankali. Ta ce hoton da aka sake ɗauka ya nuna ƙari ɗaya ne, a gefe guda, bai bazu ba tukuna. Za a iya yanke wurin, kuma hanta takan sake tohowa. Na ce, kamar zogale? Ta yi murmushi ta ce kusan haka. Ba ta yi mana alkawarin komai ba. Ta ce aiki ne babba, za a ci gaba da bibiya bayansa, kuma da an ƙara wata biyu a gida da maganar ta canza.

Na kwance ƙunshin sassaƙena na nuna mata. Ta ce, "Iya, don Allah kada ya sha. Hantar a gajiye take, wannan ƙarin aiki ne a gare ta." Raina bai so ba, don da hannuna na sassaƙo shi. Amma a kwandon sharar ƙofarta na bar shi.

Nafisa ta fito da littafi ta yi ta tambaya tana rubutawa: me zai ci, me zai bari. Aka ɗebi jinin Rabi da na yaran, har da nawa, don a duba ko akwai ciwon hantar da kan bi gida. Sadiku ya rufe ido da aka kawo allura. Na ce, "Ka ji mai ɗaukar buhu."

Alhamis: Challawa

An ce a nemo masu ba da jini kafin ranar aiki, kuma a kai wa kamfani takardar likita. Bayan an tashi daga makaranta na bi Sadiku, ɗari biyu-biyu, tafiyar minti goma. Tun kafin mu isa warin jima ya tare mu. Na toshe hanci, ya ce, "Kaka, warin nan ne ya biya mini kuɗin makaranta."

Mun tarar ana canjin aiki, masu fita suna wanke hannu a famfo. Sadiku ya tsaya a gabansu ya faɗi ciwon ubansa da sunansa, bai ɓoye ba, ya ce ana neman jini. Wani dogo mutumin Maraɗi ya ce, "Shi ya koya mini aiki ranar da na zo ban san kowa ba. Rubuta ni." Kafin mu bar wurin mutum bakwai sun ba da suna. Mai shayin bakin ƙofa ya ce shi jininsa duk shayi ne, amma in za a karɓa a sa shi.

Komawa gida

Kwana tara na yi. Sakamako ya fito, yaran lafiya lau, an fara yi musu rigakafi. An sa aiki sati biyu masu zuwa. Na ce zan je in damƙa awakina ga maƙwabta in dawo kafin ranar.

Ranar Laraba ƙarfe takwas na fito. Yara sun tafi makaranta su biyu, Rabi tana ciki tana ɗaura mini tsaraba. Shi ya rako ni bakin titi a hankali, ya tsaya a bayana. Ya ce, "Inna, ku yafe mini wahalar da na ba ku."

Na waiga neman wanda zan aika. Ba Nafisa, ba Sadiku, ba Rabi. Titi ne kawai da masu tafiya aiki. Sai na juya na dube shi. Ashe furfura ta fito masa a gemu. Na ce, "Ka riƙa cin abinci."

Ya ce, "To, Inna."

Ban san yadda na hau adaidaita ba. Sharada, Bata, Bompai, Yankaba, duk na wuce su fuskata a cikin mayafi. Mota ta tashi sha ɗaya da rabi, muka sauka Ringim ƙarfe biyu, na shiga gida ana kiran la'asar.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa likitar nan, da mutanen Challawa, da ku da kuka kula mini da gida, da malamar da ta zauna tana jira in share hawaye ta ci gaba da rubutu. Ina roƙonku addu'a ranar aiki, ku haɗa da Malam a ciki.

A ranar da na dawo, kafin magariba, maƙwabciyata ta shigo da waya. Nafisa ce. Ta ce, "Kaka, Baba ya ce in gaya miki ya cinye kwanonsa, har ya nemi ƙari."