Sunan Ɗan Farina da Aka Tsallake a Taron Karrama Malamai

Daminar nan da muke ciki ita ce ta bakwai tun da ɗan farina ya koma ga Mahaliccinsa. Ni ba na lissafi da kalanda, da ruwan sama nake yi, domin ranar da aka kai shi makwancinsa wuni aka yi ana yayyafi, har masu haƙa suka ce ƙasa ta yi masa laushi. Ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Bakina ya ishe ni. Duk unguwarmu ta Jekadafari an san ni da labari, matan da yanzu suke aurar da 'ya'ya a gabana suka zauna suna ƙanana suka ji tatsuniya. 'Yata Hajara, mai aikin jinya, ita ke riƙe da biro, ni kuma ina faɗa. Mun yi da ita abin da ta ji daga bakina shi za ta rubuta, ba ragi ba gyara.

Za ku lura ban faɗi sunansa ba. 'Yan yanzu sai an yi musu bayani. Mu yadda aka tashe mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in aka tambaye ta ɗan wane ne sai ta kau da kai. Ga shi kuma sunan surukina aka sa masa, mahaifin maigidana. Ana yaye shi kakarsa, wato surukata, ta ɗauke shi, ya tashi yana ce mini Adda kamar yadda ƙannena ke faɗa. Ni kuwa “wancan” nake ce masa, da ya fara koyarwa na koma ce masa Malam. Shekara arba'in da ɗoriya muka yi tare a duniya, sunansa bai taɓa hawa harshena ba. Kada wani ya ce ƙiyayya ce. Mutunci ne, kuma shi ma ya san da haka.

Malami ne a wata kwalejin horar da malamai mai zaman kanta a nan cikin Gombe. Ba zan faɗi sunanta ba, wannan kam ba alkunya ba ce, ba na dai son a ce tsohuwa ta fito tonon silili. Labarin ƙasa yake koyarwa, wato ruwa da iska da duwatsu, da dalilin da ya sa kwari ke cin gidajen mutane a garin nan duk damina.

Duk ranar Alhamis bayan la'asar zai zo gida ya zauna a bakin ƙofar ɗakina, ba ya kallona, ba na kallonsa. Sai ya kira Hajara ya ce zai koya mata darasin da zai kai aji mako mai zuwa. Duk mun san ba ita ake koya wa ba. Ina gefe ina ɓarar gyaɗa ko tsintar shinkafa, kunnena yana wurinsu. In ya yi nisa cikin manyan maganganu sai in ce, “Hajara, gaya wa wancan barci yake sa ni.” Shi kuma ya yi dariya ya ce, “Hajara, tambayi Adda a ina aka kauce hanya.” Wata rana na ce ta gaya masa ba a buɗe labari da yashi, da mutum ake buɗewa. In yana son a ji yadda kwari ke cin ƙasa, ya fara da matar da ta tashi da safe ta tarar madafinta ya rufta da tukwanenta a ciki. Ya tafi da wannan. Daga baya ɗalibansa suka riƙa ba da labari cewa Malam ba ya fara darasi sai da mutum, kuma yakan kwashe su a ƙafa su je bakin kwari su gaisa da masu gidajen wurin kafin a buɗe littafi. Ban taɓa ce masa ya kyauta ba. Tuwonsa na ranar dai nakan ƙara masa man shanu, ta hannun Hajara.

Ciwon hanta ne ya kwantar da shi, bai daɗe yana jinya ba. Kwaleji ta zo gaisuwa da mota cike, aka yi maganganu masu daɗi. Matarsa ta gama takaba ta koma wurin danginta a Yola tare da yaran. Abokan aikinsa na lokacin, wasu sun yi ritaya, wasu sun sami aiki a wasu garuruwa sun tafi, wasu sun bi shi. Da farko ana zuwa gaishe ni da Sallah, sannan aka ragu, sannan shiru. Ban yi ƙorafi ba, kowa da abin da ke gabansa.

Watan da ya wuce, da hantsi, ina zaune a tsakar gida aka yi sallama. Wata mata ce ta shigo, ta ɗan manyanta, da zakara a hammata da kwalbar zuma a hannu, fuskar nan sai fara'a. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce sunanta Rifkatu, daga wajen Kaltungo take, shugabar makarantar firamare ce a wani ƙauye, kuma Malam ne ya koyar da ita. Ta ce a rediyo ta ji, cikin shirin da kwaleji ke kawo labaran ma'aikatanta, an karanta sunayen malaman da za a karrama saboda daɗewa da ƙwazo a koyarwa, ta ji nasa a ciki. Shi ne ta ce wannan barka da ƙafa ake yin ta, ta hau mota ta zo, ta yi ta tambaya har ta gane gidan da suke rako shi suna ɗalibai.

“Mama, Malam yana ciki, ko ya fita?”

Na daɗe ina kallon zakaran nan. Shekarun nan duka ni ake zuwa yi wa gaisuwa, ban taɓa zaton wata rana ni ce zan sanar da wani rasuwarsa ba. Na ce ta zauna tukuna ta sha ruwa. Da na gaya mata ba ta yi ihu ba. Ta jawo gyalenta ta rufe fuska. Maƙwabtan da suka gan ta da zakara suka biyo bayanta su ji abin alheri, sai suka tarar da sabon zaman makoki.

Hajara ta dawo daga aiki ta ji, ranta ya ɓaci, ta buga wa kwalejin waya. Abin da aka gaya mata shi ne, masu haɗa sunayen sababbin ma'aikata ne, shekarar da aka ɗauki kowa aiki suka duba a na'ura, ita kuwa na'urar ba wanda ya gaya mata an yi mutuwa. Suka yi ta ba da haƙuri, suka ce za su cire sunan kafin ranar taro don kada a ji kunya a gaban baƙi.

Maganar cirewar nan ce ta hana ni sukuni. Kuskuren bai yi mini ciwo kamar gyaran ba. Yana raye ba su karrama shi ba, sai da suka manta ya mutu sannan suka tuna ya iya koyarwa. To tun da an riga an faɗa duniya ta ji, me zai hana a kira shi a gaban jama'a, a ce ga wani da ya yi mana aiki, Allah ya jiƙansa? Na sa Hajara ta sake kiransu ta faɗa musu haka. Ta ce sun ce za su duba. Ni kuwa na tsufa da sanin inda “za mu duba” ke ƙarewa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan. Na san dariya zai fara yi har da riƙe ciki, ya ce Hajara ta gaya wa Adda ashe sai an bar duniya ake samun lambar yabo. Shi ba mai son kujerar gaba ba ne. Amma in ya gama dariyar, na san zai tambaya ko har yanzu ana fita da ɗalibai bakin kwari. An ce mini yanzu a waya ake nuna musu hoton kwarin da ke bayan katangarsu. Gari ya faɗaɗa, ɗalibai sun yi yawa, malamai suna shiga suna fita kamar masu jiran mota a tasha, ba a zama balle a san juna. Ban san ko zai gane wurin ba.

Ranar taron Hajara tana aikin safe a asibiti. Ta ce in haƙura, zuwana ba zai canza komai ba. Na ce to. Tana fita na yi wanka, na ɗauko atamfata ta ƙasan akwati, na yafa mayafin da ya saya mini da ya fara aiki, wanda ya aiko ta hannun kakarsa, na tare keke a bakin titi. Yana raye ban taɓa taka kwalejin nan ba. Uwa ba ta zuwa kallon ɗan fari yana aiki.

An kafa rumfuna, ga kujeru, ga lasifika, ga malamai cikin manyan riguna masu faɗin hannu. Na sami kujera a baya. Mai gabatarwa yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, a tafa, mutum ya tashi ya karɓi ɗan allo mai ƙyalli, a ɗauki hoto. Rabin maganar da Turanci ake yi, amma suna ba ya buƙatar tafinta. Na kasa kunne yadda nake kasawa ranar Alhamis, har aka kira na ƙarshe, aka tafa, aka fara raba abinci. Ba a kira shi ba.

Na tashi na ratsa kujeru har gaban teburin da ke kusa da lasifika. Wani ma'aikaci ne a wurin da takardu a hannu, kuma in faɗi gaskiya mai ladabi ne, yana ganina ya durƙusa. Na ce masa akwai wani malami na gidanmu da ya rasu, an faɗi sunansa a rediyo, aka kuma cire. Ya tambaya ko ɗana ne, na kau da kai. Ya yi salati ya ce, “Mama, ai ba a yi addu'ar rufewa ba tukuna. Faɗa mini sunansa yanzu in miƙa wa mai gabatarwa, a ambace shi, a yi masa addu'a kowa ya shafa.”

Abin da ya fito da ni daga gida ke nan, ga shi an miƙo mini. Na ce ya duba takardarsa, wanda aka goge. Ya ce sabuwa aka buga, babu alamar gogewa, wanda ya haɗa ta kuma bai zo ba. Na ce dogo ne, baƙi, mai wushirya, mai koyar da labarin ƙasa, wanda ke kai ɗalibai bakin kwari a ƙafa. Ya ce shi bara aka ɗauke shi aiki. Ya tambayi wadda ke zaune kusa da shi, ta girgiza kai. Ya ce a kira wani a gida, ni kuwa ba na riƙe waya, lambar Hajara ba a kaina take ba. Ya ce to ko sunan mahaifinsa, wataƙila wani ya gane. Mahaifinsa mijina ne. Shi ma ban taɓa faɗin sunansa ba.

Na buɗe baki. Ni da nake jero kakannin mutum a wurin suna har garin da suka fito, ni da nake riƙe tsakar gida da labari har tuwo ya huce ba a sani ba. Sunan yana nan, ina ganin fuskar surukata ranar da ta kwance shi daga bayana. Harshe ya ƙi. Muna haka na ji liman ya karɓi lasifika. Na ɗaga hannu tare da kowa, aka yi wa malamai na da da na yanzu addu'a a dunƙule, aka shafa.

Na ce wa ma'aikacin, “Bar shi kawai, ɗan nan, Allah ya yi maka albarka.” Ya rasa yadda zai yi da ni, sai ya kawo mini robar shinkafa da ruwan leda, ya raka ni har ƙofa ya sa ni a keke. Haka na dawo Jekadafari da shinkafar taron karrama malamai a cinyata. Maƙwabta na ba.

Tun ranar nake auna abin da ya rage nasa. A cikin alluna masu ƙyalli babu nasa. Na'urarsu yanzu ta san ya mutu. 'Ya'yansa suna Yola, ƙaramin ko muryarsa bai riƙe ba. Sai Rifkatu, da ta ce mini kafin ta tafi har yau ba ta fara darasi sai da mutum, kuma haka ta koya wa malaman da ke ƙarƙashinta. Ba ta san daga bakin wa abin ya fito ba, ni ma ban gaya mata ba. Zakaranta ban bari an yanka ba, yana nan yana cara a tsakar gida.

Ba na zagin al'adar iyayenmu, ita ta riƙe mu da mutunci har muka tsufa. Amma alkunya ana yin ta ne a inda kowa ya san abin da ake rufewa. A da in na ce wancan, duk unguwa ta san wanda nake nufi. Yanzu waɗanda suka san shi suna ƙarewa, in ni ma na tafi da bakina a rufe, sai a ce ba a yi shi ba.

Da muka iso nan a labarin Hajara ta ce ba sai na wahalar da kaina ba, ai ta san sunan yayanta, bari ta rubuta. Na riƙe hannunta na ce a'a, tun farko mun yi da ke abin da kika ji daga bakina shi za ki rubuta. Na sa ta tura ƙofar ɗaki. Na daɗe kafin sunan ya fito, da ya fito kuma ita ta riga ni kuka. Duk wanda ya taɓa zama a ajinsa, ko ya bi shi a ƙafa zuwa bakin kwari, in ya karanta wannan, ko aka karanta masa kamar yadda za a karanta mini, don Allah ya yi masa addu'ar da na kasa karɓo masa ranar. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwancinsa.

Sunansa Haruna. Ni na haife shi.