Abin da Maigidana Yake Niƙawa a Ɗaki

Har yau idan na ji ƙamshin gahawa sai raina ya ɓaci, kuma ba gahawar ce ta yi mini laifi ba, maigidana ne.

A Anka muke zaune. Shi yana da rumfar tireda a dabar masu haƙar zinari can bayan gari, yana sayar musu da sukari da sabulu da batir. Ni kuma ina karantar da ƙananan yaran unguwa a tsakar gida, kamar yadda Innata ta yi a Gummi. Iyaye mata ke kawo mini su da safe, wasu ko tsarki ba su iya ba, in zaunar da su a inuwa mu yi ta biyawa har rana ta ɗaga. Ba ni da abin taƙama a duniya da ya wuce wannan: mace ta ajiye ɗanta a gidana ta juya ba tare da ta waiwayo ba.

To, a dabar nan ya haɗu da wasu mutanen gabas, 'yan Cadi da Sudan, masu shan gahawa safe da yamma. Mutumin da tun da na aure shi kunu ke karya masa kumallo, rana ɗaya ya dawo wai kunu yana sa shi kasala. Kasala! Bai tsaya nan ba, ya karɓo ɗan injin niƙa na hannu wurin ɗayansu da zai koma gida. Akwatin katako ne, bai fi babban gwangwanin madara ba, da mariƙi a sama da ake juyawa, da 'yar durowa a ƙasa inda garin ke zuba. Ya ce gahawar da ba a lokacin aka niƙa ta ba, ba gahawa ba ce. Na ce Allah ya ba da sa'a.

Da na san abin da zai biyo baya, da ban yi masa addu'ar ba. Bayan sallar asuba zai ɗauki kaskon da nake suyar gyaɗa, ya zuba 'ya'yan gahawar ya yi ta juyawa a kan gawayi har su yi baƙi, gida ya turnuƙe. Sannan ya shige ɗakinsa da ke jikin zaure, ya rufe ƙofa, ya sa sakata. Sai ka ji an fara: gurr, gurr, ƙaras, gurr. Mariƙin ya cije, ya yi tsaki, ya bubbuga akwatin a ƙasa, ya ci gaba. Duk wannan hidimar don abin da bai cika baki biyu ba, a wani ɗan finjali da ko maganin tari ba zai ishe ka aunawa ba.

Na tambaye shi dalilin sakatar. Ya ce, “In maƙwabta sunka sani, kowa da kofinai zai taho. Ke kin san wuyar samun abin ga?”

Rowa ke nan, ba wani abu ba. Mutumin da zai ba ka rigar wuyansa, amma a kan 'ya'yan gahawa ya zama wani iri.

Wanda ba ɗan ƙasarmu ba ba zai gane illar wannan sakata ba. Shekarun baya, a ƙauyuka irin su Duza, maza kan kawo dutsen zinari gida, a daka a niƙa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ashe akwai dalma a dutsen. Ƙurar ta shiga ƙasa, ta shiga tuwo, ta shiga yara. Suka riƙa sanƙarewa suna mutuwa. Sai da ma'aikatan lafiya suka zo aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka ja wa kowa kunne kada dutse ya sake shiga gida. Tun daga nan babu uwar da ba ta san ƙarar niƙan dutse ba, ko ta ji da kunnenta ko an ba ta labari.

Yanzu ku duba mini: ga mutum yana dawowa daga daba da ƙulli a leda yana ɓoyewa a aljihu. Da safe ya kulle ɗaki a ji gurr, gurr. Ya fito da baƙin gari a gaban rigarsa yana murmushi shi kaɗai. Ko ni ce a waje me zan ce?

Wadda ta fara janye 'yarta maƙwabciyata ce ta bayan katanga. Daga wajen Duza suka dawo Anka, kuma kowa ya san ta binne yara biyu a waccan masifar, 'yar nan ɗaya ta rage mata. Yarinya ce mai kaifin kai, ita nake sawa ta ja wa sauran baƙi. Da ban gan ta ba na ɗauka zazzaɓi ne. Sai wani ya daina zuwa, sai wasu 'yan gida ɗaya. Na aika a tambaya, a ce mini an tafi biki, an tafi Bukkuyum gaisuwa. Bikin da ba ya ƙarewa! Tabarmar da a da ba ta isarsu, na wayi gari ina naɗe rabinta.

Ƙanwar maigidan ce ta fasa mini. Ta ja ni madafi ta ce, “Yaya, wai da gaske dutse Yayanmu yaka niƙa a ɗaki? Gari duk ya ɗauka.”

Na ce innalillahi. Ludayin da ke hannuna ban san inda na jefa shi ba. Na sami maigidan a zaure yana kurɓar abinsa, ido a lumshe. Na ce, “Malam, ka ji abin da ka ja mini? Ka buɗe ƙofar nan ka nuna wa mutane, ko ka kai injin ga rumfarka.”

Ya ce, “Rumfa da ƙura? Ki bar su, su gaji su bari. Ni in tsaya in yi wa gari bayanin abin da nika sha?”

Na ce, “Ba sunanka aka ɓatawa ba, nawa na!”

Ya ce in yi haƙuri. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Washegari na cire mariƙin na tura cikin buhun gero. Bawan Allah nan ya samo filaya ya kama ƙarfen da ita yana juyawa, ƙarar ta ninka ta da, ya kuma daɗe fiye da kullum. Da kaina na tono mariƙin na miƙa masa.

Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai na bi gida-gida na roƙi matan su zo bayan la'asar, na ce ko don darajar karatun da 'ya'yansu suka yi a hannuna. Suka zo, kowa na ɗari-ɗari, wasu ko zama ba su yi ba. Na shiga ɗakinsa yana kallona, na ɗauko injin da ledar, na dire a tsakiyarsu. Shi ba zai shigo cikin matan mutane ba, sai ya tsaya a zaure yana jin komai.

Ashe abin ma iyawa ne. Na zuba ragowar 'ya'yan da ya soya na juya, akwatin ya bi hannuna yana zagayawa. Na danne, mariƙin ya cije. Sai ga muryarsa daga zaure: “Ki matse shi da gwiwa! Kada ki juya baya, kina kashe mini haƙoranai!”

Na ce, “Ka yi mini shiru, Malam!”

Na matse, na juya da ƙarfin haushi, durowar ta zame, gari ya watse mini a zane. Nan mata suka fashe da dariya. Wata tsohuwa ta dangwala ta shinshina ta ɗanɗana, ta tofar ta ce, “Wanga ɗaci shi aka rufe wa ƙofa? Ko sabara ta fi shi daɗi.” Aka dafa aka zagaya da finjalin, kowa ta kurɓa ta yamutsa fuska. Daga zaure ina jin nishinsa, gahawar mako guda ta tafi a bakin waɗanda ba su san darajarta ba. Ban ji tausayinsa ko kaɗan ba.

Maƙwabciyata ce kawai ba ta yi dariya ba. Tun da injin ya fara ƙara ta koma jikin katanga ta tsaya. Na kai mata garin a tafin hannuna na ce, “'Yar'uwa, duba da idonki.”

Ta ce, “Na gani, Malama. Na yarda ba dutse ba ne.” Sannan ta ce, “Namu maigidan ma, can Duza, ƙofa yaka rufewa. Shi ma cewa ya yi ba komai.”

Na kakkaɓe garin daga hannuna na koma cikin mata. Da safe yara suka dawo, tabarma ta cika, ban da 'yarta. Maigidan ya ji abin da ta faɗa, don a ranar ya sa injin a jaka ya tafi da shi rumfa, ƙurar da yake gudu da komai. Na leƙa ta katanga na gaya mata. Ta yi godiya, ta ce ta riga ta sa yarinyar wurin wata malama a ƙasan unguwa, amma za su zo ɗaukar allonta.

Suka zo da hantsi, ita da 'yar. Ba su wuce zaure ba. Na miƙo allon, yarinyar ta kai hannu, uwar ta riga ta karɓa. Da butarta ta zo daga gida, da ƙwaryarta. Ta durƙusa a ƙofar gidana ta wanke allon ciki da baya, har da mariƙinsa, rubutun da na yi da hannuna yana narkewa cikin ƙwaryar. Yarinyar ta buɗe baki tana jira, don ta saba a gidansu ruwan wankin allo ita ake ba ta sha don albarka. Uwar ta dube ni ta ce, “Ki yi haƙuri, Malama.” Ta kai ƙwaryar gindin katanga inda ƙafa ba ta bi, ta zubar.